Da Allah, Ba Don Allah Ba

A shekarun da Rufa'i yake tsaron gida a wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta Hartum, babu Bahaushen Gadarif da bai haɗa dangi da shi ba. Dillalin riɗi zai ce maka ɗan yayarsa ne. Direban tarakta zai rantse allo ɗaya suka wanke. Har da wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin tasha da take cewa ita ta yanke masa cibiya, alhali kowa ya san shekarar da aka haife shi tana can Sinnar tana aurenta na fari. Ba a ƙaryata kowa, don kowa yana da tasa ƙaryar da yake so a bar masa.

In ka san mutanen ba za ka ga laifinsu ba. Kakanninsu sun taso daga yamma a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a hanya, suka yada zango a wannan baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, zangon da har yau ba a tashi ba. 'Ya'ya da jikoki suka zama masu yankan dawa da riɗi a manyan gonakin nan da tarakta ke nomawa, waɗanda ake kira mashru'u, gonakin da ba nasu ba ne kuma ba za su zama nasu ba. Ana kiransu Fallata, wani lokaci da baki a karkace. To a ce ranar wasa ka kunna rediyo ka ji mai sharhi daga Umdurman yana ta maimaita sunan yaron unguwarku har muryarsa ta dushe, ai dole ka ji ka ƙara tsawo.

Wannan Rufa'in ne ya kashe mutum a hanyar Doka.

Da kaka abin ya faru. Ya zo gida hutu da sabuwar motarsa, farar ƙaramar motar ɗaukar kaya da ake ce wa boksi. Wani abokinsa, ɗan mai mashru'u, ya gayyace shi walimar gama girbin riɗi. Aka yanka rago aka ci, sannan samari suka zagaya bayan rumfa inda ake zuba aragi, giyar dabino, a kofin shayi don kada dattawa su gane, dattawan kuma suna yin kamar ba su gane ba. Rufa'i ba mashayin kullum ba ne, shi ya sa ma abin ya kama shi da wuri. An ce masa ya kwanta ya huta, ya yi dariya ya ce shi da yake cafe ƙwallo a gaban dubban mutane hannunsa bai taɓa rawa ba, sitiyari ne zai gagare shi? Bayan la'asar ya kama hanyar gari, rana tana dukan idonsa. Masu yankan dawa sun tashi daga aiki suna tafe a jere a gefen hanya, kowa da laujensa. Na ƙarshensu wani saurayi ne, Ɗanliti, yana ɗauke da jarkar ruwa a kafaɗa.

Shi motar ta buge. Rufa'i bai gudu ba, wannan kam a ba shi. Shi ya ɗauki Ɗanliti da hannunsa ya sa a bayan mota, wani daga cikin ma'aikatan ya karɓi tuƙi, shi kuwa ya zauna a baya yana riƙe da kan mutumin a cinyarsa yana ce masa sannu, sannu. Kafin a hango dutsen Gadarif rai ya yi halinsa. A asibiti ɗan sanda bai sha wahalar bincike ba, warin da ke fita daga bakin Rufa'i ya isa shaida.

Gari ya rabu biyu, kuma duka ɓangarorin biyu ba gawar ce a gabansu ba. Jaridun Hartum da suka saba kiransa garkuwar ƙasa suka wayi gari sun tuna ashe Fallati ne, suna rubuta cewa a hukunta shi hukuncin da zai zama darasi. A shagunan shayi kuwa magoya bayansa cewa suke yi ƙaddara ce, kuma akwai babban wasa a gaba, wa zai tsaya a raga? Sunan Ɗanliti bai fito a jarida ko ɗaya ba. Wani ma'aikacin gona, haka suke rubutawa.

Ƙungiya ta aiko da lauya daga Hartum, mai kwat da ƙamshin turare, ya zauna a kan benci ya yi wa Rufa'i bayani dalla-dalla. Kisa ne ba da gangan ba, amma da maye a kai, wannan shi ya ɓata lamarin. Bulalar shan giya babu makawa. Sauran kuwa yana hannun mai jini, wato magajin mamaci. In ya yafe, alƙali yakan sassauta, a ce zaman da aka yi a tsare ya wadatar, a sallami mutum. In bai yafe ba, ga diyya ga ɗauri na shekaru. Rufa'i ya doshi talatin. Ya san gola da ya shiga kurkuku a wannan shekarun ba zai sake sa safar hannu ba.

Mai jinin mutum ɗaya ce. Ɗanliti bai yi aure ba, ubansa ya daɗe da rasuwa, ba shi da kowa sai mahaifiyarsa Jummare, tsohuwar da take biyo shi kowace kaka zuwa kambo, bukkokin karan da ma'aikata ke zama a gefen gona, tana tuƙa musu tuwo.

Wanda ya ɗauki nauyin zuwa wurinta shi ne Sale, ƙanen mahaifin Rufa'i, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Sale babban dillali ne a kasuwar amfanin gona, mutum ne da in ya sa baki a ciniki sai an sallama. Ya tara dattawan sulhu, farin rawani a kan farar jallabiya, suka cika mota biyu da rago da buhun sukari, suka nufi Doka. Da ya dawo ya zo wurin Rufa'i inda ake tsare da shi, yana fara'a.

“Kwayyis, komai ya tafi daidai,” in ji shi. “Ta shimfiɗa mana tabarma, ta ba mu ruwa. Liman ya jawo mata ayoyin yafiya har sai da ni kaina na yi ƙwalla.”

“Me ta ce, Baffa?”

“Ta ce ta ji.”

“Shi ke nan?”

“Ya zol, bawan Allah, me kake so ta ce, ta yi guɗa? Mace ce mai kunya. Tunda ta ce ta ji, halas, shi ke nan, rabin aiki ya ƙare.”

Abin da Sale bai faɗa ba shi ne, da suka koma karo na biyu sun tarar da buhun sukarin a inda suka ajiye shi, tururuwa ta kewaye shi, ragon kuma an ɗaure shi a inuwa ana ba shi kara, yana jiran masu shi.

Rufa'i yana son fita, kada wani ya ce maka ba ya so. Yana tsoron kurkuku tsoro mai tsanani. Yana kewar ciyawar fili da ihun 'yan kallo, yana jin kunyar kansa da yake kewarsu. Amma duk sanda ya ɗaga hannu zai ci abinci sai ya ji nauyin kan Ɗanliti a tafinsa, da ɗumin da yake raguwa a hankali. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Abu biyu yake roƙo a sallarsa, a sake shi, kuma tsohuwar nan ta yafe masa, a tunaninsa kuwa abu ɗaya ne.

Ranar shari'a kotu ta cika har taga. Rabin zauren Hausawan gari ne, sun sha wanka kamar za su ɗaurin aure. Alƙalin siririn mutum ne daga arewa, mai tabarau, an ce bai taɓa shiga filin ƙwallo ba, abin da ya tayar wa lauyan ƙungiya hankali ƙwarai. Rufa'i yana tsaye a cikin kejin masu laifi. Da aka karanta tuhuma aka tambaye shi, ya ce ya sha, ya tuƙa, ya kashe. Lauya ya runtse ido don ba haka suka shirya ba.

Sai aka kira Jummare. Ranar Rufa'i ya fara ganinta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta lulluɓa da wani koɗaɗɗen mayafi, ƙafarta duk faso. Larabcinta na kasuwa ne, na sayen gishiri da albasa, Larabcin kotu kuwa bai shiga kunnenta. Don haka aka kira Husaini, masinjan kotu, ya yi tafinta. Husaini Bahaushe ne haifaffen gari, irin waɗanda Hausarsu ta sirance, in sun yi jimla ɗaya rabinta Larabci ne. Kuma akwai hoton Rufa'i manne a bangon ɗakinsa, wannan kowa ya sani.

Alƙali ya tambaye ta ko ita ce mahaifiyar mamaci. Ta ce ita ce. Ya tambaye ta ko tana da abin faɗa. Ta ce ruwan da yake ɗauke da shi nata ne, ita ta aike shi, don ruwan kambo yana ɓata mata ciki. Husaini ya juya wannan daidai. Sai alƙali ya zo kan maganar da kowa ya zo ji. Ya ce a faɗa mata shari'a ta ba ta haƙƙi a kan wannan mutum, me take nema, diyya ko yafiya?

Jummare ba ta dubi kejin ba. Ƙasa take kallo. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma zauren ya yi tsit har ana jin kukan fankar sama.

“Ni ba na son komai nasa,” in ji ta. “Na bar shi da Allah.”

Husaini ya gyara murya, ya dubi alƙali, ya ce da Larabci, “Ta ce ba ta son komai, ya Maulana. Ta yafe masa don Allah.”

Zauren ya ɗauki kabbara. Lauya ya miƙe yana cewa a rubuta, a rubuta. Alƙali ya buga tebur ya ce za a tafi sallar azahar, in an dawo zai yanke hukunci.

Rufa'i ya riƙe ƙarfen keji. Ya ji abin da ta ce da kunnensa, kuma duk Bahaushen da ke zauren nan ya ji. Na bar shi don Allah, wannan yafiya ce, mutum ya sauke kaya ya tafi. Na bar shi da Allah kuwa, ko yaron goye ya san ba yafiya ba ce. Magana ce ta wanda aka zalunta ya duba hagu da dama bai ga mai ƙwato masa ba, sai ya ɗauke ƙararsa daga hannun mutane gaba ɗaya ya kai inda ba a sulhu, ba a aika dattawa da rago. Tsakanin “da” da “don”, harshe ko motsin kirki ba ya yi, amma a nan aka raba ko Rufa'i zai kwana gida.

Shi ya san maganar tun kafin ya san ƙwallo. Yana ɗan shekara shida ko bakwai mahaifinsa ya rasu a wani ƙauye wajen Fashaga, Sale ya zo ya ce ɗan wansa ba zai tashi a kambo ba, ya ɗauke shi da ƙarfi ya sa a lori. Mahaifiyarsa Atine ta biyo lorin ba mayafi, da ta ga ba za ta cim masa ba sai ta tsaya a tsakiyar hanya ta ce, Sale, na bar ka da Allah. Sale ya riƙe shi da kyau, ya sa shi makaranta, bai taɓa bambanta shi da 'ya'yansa ba. Duk da haka kowace shekara sai ya aika a roƙi Atine ta janye kalmar nan, har ta mutu ba ta janye ba. Rufa'i ya ga wannan ƙaton dillali, da kasuwa ke tsoronsa, durƙushe a bakin kabarinta yana kuka kamar yaro.

Aka mayar da shi wani ɗan ɗaki a bayan kotu. Sale ya shigo yana share gumi da bakin rawani, fuskarsa a washe.

“Mabruk, ɗana. Allah ya yi.”

“Baffa, ka ji abin da ta ce.”

“Na ji abin da Husaini ya ce. Shi kotu ta sa tafinta, ba ni ba, ba kai ba.”

“Da Allah ta ce.”

“Tsohuwa ce babu haƙori a bakinta. Da, don, wa ya tantance? Kai ma ba ka ji da kyau ba, yunwa ce da rashin barci.”

“Duk garin nan babu wanda ya kai ka sanin bambancinsu, Baffa.”

Fara'ar ta bar fuskar Sale. Ya kau da kai. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

“Na sani. Ka ji na ce na sani. To sai me? In an ɗaure ka ɗanta zai tashi? Tsohuwar nan ni zan riƙe ta har ta mutu, na yi alkawari, ɗaki zan gina mata a gidana. Ka saurare ni, Rufa'i. Da ɗan wani babban mai mashru'u ne ya taka Fallatin gona, kana tsammani zai kwana ko ɗaya a tsare? Sau nawa aka yi, sau nawa muka binne muka yi shiru? Yau sau ɗaya abin ya juyo ta wajenmu, sai kai ne za ka ce a'a? Ba kai kaɗai ba ne a cikin kejin nan. Yaran unguwa da suke buga ƙwallon tsumma suna kiran sunanka, su ma suna ciki. Ba ƙarya aka ce ka yi ba. Ka rufe bakinka kawai, halas.”

Maganar ta shige shi, don akwai gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar da ta dace da abin da ransa ke so ce. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Sale ya dafa kafaɗarsa ya fita.

Da aka dawo da shi keji alƙali bai shigo ba tukuna. Jummare tana zaune a ƙarshen benci, mutane sun yi mata layi. Dattawan rawani suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna cewa Allah ya saka da alheri, Hajiya, Allah ya ba ki Aljanna. Matar da ko Port Sudan, inda mahajjata ke shiga jirgin ruwa, ba ta taɓa gani ba, yau ta zama Hajiya. Lauya ma ya rusuna ya zuba mata godiya da Larabcin da ba ta ji. Ita kuwa sai juya kai take yi tana duban wannan tana duban wancan. Rufa'i yana kusa, ya ji sanda ta taɓa wata mata da ke gefenta ta ce, “'Yar nan, me na yi musu suke ta gode mini?” Matar, Bahaushiya ce 'yar unguwarsu Rufa'i, ta kau da kai ta shiga gyaran ɗan kunne.

Kada a ɗauka jarunta ce ta motsa shi. Tsoro ne. Ya ga an kashe wa matar nan ɗa, yanzu kuma ana sace mata magana a bainar jama'a, ana yi mata godiya a kai, kuma duka biyun a wuyansa za su hau. Ya ga kansa nan da shekara talatin durƙushe a bakin wani kabari a Doka. A ƙarƙashin tsoron kuma akwai wani ɗan buri da ya ɓoye ko ga kansa, cewa in ya mayar mata da maganarta, wataƙila ta tausaya ta ba shi ta gaskiyar.

Alƙali ya zauna ya gyara tabarau ya fara karatu. Ya kai wajen da yake cewa tunda mai jini ta yafe, sai Rufa'i ya ji muryarsa ta fita.

“Ya Maulana, ba ta yafe ba.”

Lauya ya zabura yana cewa wanda yake karewa ba shi da lafiya, a yi watsi da maganarsa. Alƙali ya ɗaga masa hannu ya ce ya zauna. Ya dubi Rufa'i ta saman tabarau ya ce ya maimaita. Rufa'i ya maimaita da Larabci, ya faɗi abin da ta ce da yadda aka juya shi, ya ce a harshensu wanda ya bar ka da Allah bai sake ka ba.

Alƙali ya juya ga Husaini. Husaini ya ce shi dai haka kunnensa ya ji, gumi yana bin wuyan rigarsa. Ko kuskure ne ko son kai, shi da Mahaliccinsa suka sani, mai yiwuwa ma shi kansa bai tantance ba. Alƙali ya dubi zauren ya tambaya ko akwai wani mai jin wannan harshe da zai faɗa wa kotu abin da matar ta ce. Zauren da rabinsa da Hausa aka yi musu raɗin suna, ba wanda ya motsa. Liman yana jan carbi. Sale yana kallon takalminsa.

Sai alƙali ya sa aka matso da Jummare gaban teburinsa, ya ajiye Larabcin littafi, ya yi mata irin na kasuwa, a hankali.

“Ya Hajja, afeti walla ma afeti?” Wato kin yafe ko ba ki yafe ba.

Wannan kam ta gane. Ta ɗago kai, ta dubi Husaini, ta dubi dattawan da suka gama yi mata godiya, sai a lokacin ta fahimci abin da aka yi da bakinta. 

“Ma afet,” in ji ta. Ban yafe ba.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Alƙali ya ce kotu ba ta san gola ba, ba ta kuma san Fallati ba, mutum ta sani da ya sha ya tuƙa ya kashe, ya kuma amsa laifinsa da bakinsa. Bai ba shi mafi tsananin da jaridu ke nema ba, bai kuma ba shi abin da lauya ya zo nema ba. Bulala, diyya ko ta karɓa ko ta ƙi, da ɗaurin shekarun da suka isa su cinye abin da ya rage masa na wasa.

Zauren ya watse ba hayaniya. Mutanen da da safe kowa ɗan'uwansa ne suka fita ba wanda ya dubi keji. Wani ya ce a bakin ƙofa, da ƙarfi don ya ji, ai giyar ba ta sake shi ba har yanzu. Sale ya zo ya tsaya a gabansa, sannan ya tafi yana jan ƙafa kamar wanda ya tashi daga jinya.

Aka fito da Rufa'i tsakar gidan kotu da ankwa a hannu, aka zaunar da shi a gindin wata bishiyar darbejiya ana jiran motar kurkuku. Rana ta yi sanyi. A nan Jummare ta zo wucewa ita kaɗai, da ɗan ƙunshin kayanta a ka. Waɗanda suka kawo ta da safe a mota sun manta da ita.

“Inna,” in ji shi.

Ta tsaya. Ɗan sandan da ke tsaronsa ya matsa gefe.

“Inna, kin ji abin da aka yanke. An ɗaure ni. Ƙwallo ta ƙare, mutanena sun juya mini baya, ba ni da sauran komai.” Ya ɗago kai. “Ni na kashe miki Ɗanliti. Ina roƙonki, yanzu ki yafe mini.”

Ta dube shi. Babu fushi a fuskarta, da ma akwai da ya fi masa sauƙi. Ta dubi hannuwansa, manyan hannuwan nan da ke cikin ankwa.

“An ce kai ka riƙe kansa a mota,” in ji ta.

“Ni ne, Inna.”

“Ya yi magana?”

“Bai yi ba.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta sa gefen mayafi ta goge hanci.

“Ka faɗi gaskiya yau, ɗan nan. Na gani, ba zan ce ban gani ba. Duk cikinsu kai kaɗai ka ji ni.” Ta gyara ƙunshin da ke kanta. “Amma wannan da aka yi yau na hukuma ne. Nawa yana can inda na ajiye shi.”

Ta juya ga ɗan sandan ta tambaye shi da guntun Larabcinta inda lorin Doka yake tsayawa. Ya nuna mata da hannu, ta bi ta ƙofar ta fita.